Bangon Ɗakin Baba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, da wannan gwiwar taki da kullum take hana ki zuwa ganinmu. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Tunda kin ce a waya ina magana kamar an biyo ni, ga shi na zauna na rubuto miki a tsanake, kada ki ce Auta ba ta jin magana.

Albishirinki, Baba ya fara barci.

Kin san tun da ciwon shanyewar ɓarin jikin nan ya same shi muka ɗauko shi zuwa benenmu, bai taɓa samun hutu ba. A ƙasanmu akwai shagon kafinta da na masu walda. Daga safe har faɗuwar rana zarto na kuka, ana dukan ƙarfe, kofi ma in kika ajiye a tebur sai ki ga yana rawa. Mu masu lafiya mun saba. Shi kuwa ga baki ya tafi, ba halin ya ce ya gaji, sai dai ki shiga ki tarar ya danne kunne ɗaya da filo, ɗayan da hannunsa na hagu mai ɗan aiki, idanu sun yi jawur. Likita ya ce rashin barcin nan ne ke hana jininsa sauka.

To kin san aikina, wanda kike tsokanata kina cewa na gama karatu na ƙare a fasa bulo. A ɗakin gwajinmu mun daɗe muna aiki a kan wani bulo mara nauyi. Tsofaffin tayoyin mota ake niƙawa su zama ɓarɓashi, a wanke, a rage yashi a zuba su a madadinsa, a cakuɗa da siminti. Bulon yakan fito ba nauyi, da hannu ɗaya nake ɗaga shi, kuma yana shanye ƙara. Aibinsa shi ne siminti ba ya son kama roba, iya yawan robar iya raguwar ƙarfinsa. Shi ya sa ba a ɗora masa rufi, na raba ɗaki ne kawai. Ni aikina in sa shi a injin matsi, in yi ta ƙara masa nauyi har ya karaya, in ga iya ƙarfinsa.

Injiniya, shugaban sashenmu, ya yarda na ɗebi waɗanda suka ci gwaji. Ita ƙara ko ƙaramar kafa ta samu sai ta shigo, don haka ban yi rabin aiki ba. Birkila ya bi bangon ɗakin duka ya jera masa bulon ta ciki, aka shimfiɗa roba a ƙasa, aka sa ƙofa mai kauri. Falankin nan da ya raba ɗakina da nasa ma an cire shi, an gina bango a wurin. Ranar da aka gama na shiga na rufe ƙofa, ana tsakar yanka katako a ƙasa, sai na ji kamar an ɗauke unguwar an kai ta wani wuri. Baba ya ɗaga kai yana waige-waige, kafin in gama gyara masa filo ya yi barci. Na tsaya a kansa ina hawaye kamar wata shashasha.

Kin tuna lokacin da yake tuƙin babbar mota, ba ya tashi sai ya zagaya ya ƙwanƙwasa tayoyi ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfensa, ya kasa kunne? Mu ma haka ya raine mu, bai taɓa ƙwala mana kira ba, sai ƙwanƙwasa. Da bakinsa ya tafi, cokali ya koma bugawa a falankin nan in yana son wani abu, ni kuma in buga masa daga ɗakina, ya san na ji ina tafe. Yanzu da falankin ya tafi sai na saya masa ƙararrawa mai batir, maɓallin a gefen filonsa, ita kuma a kan gadona. Na ɗora yatsana a kan nasa muka danna tare, 'yata takwararki ta shigo da gudu tana tsalle ta ce ta yi ƙara. Na ce masa ga shi tayoyinsa sun biyo shi har ɗaki, ya yi wannan rabin murmushin nasa.

Har yau ko sau ɗaya bai danna ta ba, kin ga alamar hankalinsa ya kwanta ke nan. Ni ce dai shirun ya yi mini yawa, wani lokaci ina cikin aiki sai in tashi ba dalili, in je in leƙa shi.

Ki gai da mutanen gidan duka. Ki riƙa shafa maganin nan, ba ajiye shi a kan madubi aka ce ki yi ba.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ki lafiya, da yara da babansu. Na ga saƙonki, na gode da addu'a. Sai dai ki yi haƙuri, yau ba ni da labari mai daɗi, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa.

Iya mai jinya, matar da ke zama da Baba in na tafi aiki, ita ta fara gani. Tana shara ta kira ni ta nuna mini abin da tsintsiya ta janyo daga ƙarƙashin gadonsa, ta gefen sabon bangon da ya raba mu. Ƙura ce fara-fara, a cikinta ga baƙin ɓarɓashi. Na ɗiba na murza a yatsana, na ji yana lotsawa. Yaya, robar cikin bulon ce. Na ce mata ragowar aikin birkila ne, ta share. Washegari ta sake samu. Ranar da ta biyo ma haka, har ya fi yawa.

Ke ba ki san abin da wannan yake nufi ba, ni na sani. Bulon yashi in zai fashe a inji, lokaci ɗaya yake tarwatsewa da ƙara, kowa a ɗakin sai ya zabura. Na roba ba ya haka. A hankali yake lotsawa, yana zubar da ɓarɓashi daidai irin wannan, shiru, sai kin duba ki ga ya gama lalacewa. Na sha tsayawa ina kallon haka ta bayan gilashin injin ina jin daɗi, ina cewa bulo mai ladabi. Yanzu ga mahaifina yana kwance a jikinsa, ƙasa kuma injuna suna girgiza ginin wuni guda.

Na hau kujera da tocila na bi bangon daga silin har gefen katifa, ban ga tsaga ba ko siririya. Na zaga ta ɗakina na duba, nan ma lafiya. Na ɗauki ragowar bulon da aka bari a baranda na kai wurin aiki na matse su ɗaya bayan ɗaya, duk suka ɗauki nauyin da ya kamata, wasu har suka wuce. Da sun faɗi gwaji ma da hankalina ya fi kwanciya, aƙalla na san abin da nake tsoro. Abu yana zuba, inji yana cewa ƙarfinsa ƙalau, to wa zan yarda da shi?

Shi ma Baba ya canja. Barcin da na yi miki albishir da shi ya gudu. In na shiga sai ya cafke wuyan hannuna, ya ja ni da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya riƙa buga hannuna a jikin bangon yana kallon idona, yana wannan gurnanin da ba ya zama magana. Ina ganin shi ma ya lura, wataƙila yana jin ƙurar tana zuba kusa da kansa. Nakan ce masa ya kwantar da hankalinsa, ina sane, ina kan bincike. Sai ya saki hannuna ya juya fuska.

Ga wani abin kuma da nake jin kunyar rubutawa. Iya ta ce ya fara ɓata shimfiɗa da rana. Mutumin da ko a asibiti bai yarda an sa masa abu ba, sai an kama shi an kai shi bayi. Ta ce tana kicin ko tana wanki, in ta leƙo sai ta tarar ya riga ya yi, ya rufe fuska da hannu. Na tambaye ta ko ba ta jin ƙararrawa, don ina barin mata ita in zan fita, ta ce ko sau ɗaya. Likita ya ce ciwon kan zo da haka in yana gaba. Ita kuwa Iya abin da ya dame ta cokulana, wai duk bakinsu ya karce, wasu sun lanƙwashe, tana zargin takwararki da haƙa ƙasar tukunyar fure da su. Na ce mata ni yanzu ba ta cokali nake ba.

Abban takwararki ya ce in daina ɗora wa kaina, bango ba ya faɗuwa don ɗan ɓarɓashi. Shi bai taɓa ganin yadda yake faɗuwa ba. Ina wurin aiki in inji ya fara matsa bulo sai in fita waje in kira Iya in ce ta je ta duba shi. Yau har ta gaji da ni.

Ki sa mu a addu'a. Kada ki gaya wa kowa tukuna.

Taki,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya gwiwa? Ki yafe mini gajartar gaisuwa.

Na gano wurin. Jiya da na dawo aiki na sa Abban takwararki ya taya ni muka janye gadon ƙarfen nan daga jikin bango. A ƙasan gefen katifa, inda tocilata ba ta kai ba, ga rami a cikin bulon, faɗinsa kamar bakin kofi, zurfinsa ya shanye yatsana. Shafen ya ɓamɓare, cikin ya zama gari. Kuma daidai inda kafaɗarsa take in yana kwance. Na zauna a ƙasa ina kallon ramin.

Na ɗauki hoto na tura wa Injiniya. Ya kira ni nan take. Ya ce mai yiwuwa akwai kwaɓi ɗaya da robarsa ta taru wuri guda ba ta gauraya ba, girgizar injunan ƙasa kuma tana cin wurin a hankali. In ɗaya ya yi haka, ba mu san nawa ne irinsa a cikin bangon ba. Ya ce a nisanta mara lafiya da shi, a rushe, shi ma zai zo ya ɗebi ɓaraguzan don gwaji. Birkila yana wani aiki a wajen gari, sai farkon mako zai samu zuwa.

Na rasa inda zan kai Baba kafin nan. Ɗakina yana jikin bangon nan ta ɗaya gefen. Falo kuwa daidai kan zarton kafinta yake, rabin wuni a can ya isa ya tayar masa da jini. Sai muka ja gadon zuwa can ƙarshen ɗakin, kusa da taga, inda ko bangon ya zube ba zai kai gare shi ba. Ƙofar dole a rufe ta da rana saboda ƙara, da yamma in shaguna sun tashi nake buɗewa.

Yaya, da kin ga abin da ya yi lokacin da muke jan gadon. Ya miƙa hannu yana neman kama bangon, farcensa yana karta, yana kuka da murya, bakinsa ya karkace. Tun rasuwar Inna ban ga hawayensa ba. Na rungume kansa ina cewa ai shi ya sa muke matsar da shi, ba abin da zai faɗo masa, ga ƙararrawarsa nan a gefen filo. Ya ɗauke ta ya yar a ƙasa. Na ɗauka na mayar, ya sake turewa. Na ce a raina tsoro ne ya gigita shi, wa zai ga laifinsa, 'yarsa ta gina masa abin da zai danne shi.

Ban iya cin abinci. Ko ƙofar kabad aka rufe da ƙarfi sai na miƙe tsaye. Abin da ya fi tsorata ni shi ne na san ingancin aikina ta ɓangaren ƙara, na auna da kaina. In bangon nan ya zube ta cikin ɗakinsa ina kicin, ba lallai in ji ba.

Saura kwanaki kaɗan birkila ya zo. Allah Ya kai mu lafiya. Ki gai da yara, ki ce Ummansu ƙarama tana kewarsu.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Daga asibiti nake rubuto miki, a kan gwiwata, a gefen gadon Baba. Yana raye, ki fara riƙe wannan. Abin da na kasa faɗa miki a waya jiya shi zan rubuta, don in na buɗe baki kuka ke fitowa.

Ranar Asabar ce, Iya ba ta zuwa, Abban takwararki ya fita aski da sayayya, ya tafi da yarinyar. Na ba Baba abincin rana, na goge masa baki, na rufe ƙofa saboda masu walda sun samu babban aiki. Na koma ɗakina na zauna a kan gado ina ninke wanki, bayana a jikin bangon nan. Har tashi na yi na shafa shi da tafin hannu ina neman tsaga, na ji shi sumul, na ce alhamdulillahi. Na gama ninki, na yi guga, na ɗan kishingiɗa. Sai da aka kira la'asar na tashi in kai masa ruwan alwala.

Ba ya kan gado. Yana ƙasa, can gindin bangon, ya faɗi a kan ɓarinsa da ba ya aiki, ƙafarsa ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Sandarsa tana tsakiyar ɗaki. Daga nan da jan ciki ya ƙarasa, na ga sawun a kan robar ƙasa. A hannunsa na hagu akwai cokalin da na ba shi abinci da shi, yana buga shi a bakin ramin nan. Ya gaji har hannun ba ya ɗaguwa sosai, amma yana bugawa. Ina tsaye a kansa, a cikin ɗaki ɗaya, da ƙyar nake jin sautin.

Ƙashin ƙugunsa ya karye. Kafintan ƙasa da masu waldan ne suka sauko da shi a kan ƙyauren ƙofa. Likitoci sun ce ya daɗe a kwance a wurin, jikinsa ya yi sanyi, za su yi masa tiyata in jininsa ya daidaita, kuma ba su ɓoye mini ba cewa a shekarunsa da ciwonsa abin yana da haɗari. Na sa hannu a takarda ina kallonta ban ga rubutun ba.

Da safiyar yau na koma gida ɗaukar masa kaya. Na shiga ɗakin na durƙusa a gaban ramin, na haska da tocila. Yaya, ga sawun bakin cokali nan, layi a kan layi. Ni da Injiniya mun zuba wa hoton nan ido muna maganar kwaɓi da girgiza, ba wanda ya tambayi me ke hannun mutumin da ke kwance a wurin. Tun ranar da aka gina bangon yake ƙwanƙwasawa yadda ya saba, yana jiran in amsa. Da ya ji bangon ba ya kai sauti sai ya fara haƙa shi, ya rage masa kauri. Hannuna da yake bugawa a jiki, ce mini yake ba na jinsa. Shimfiɗar da yake ɓatawa, kira ya yi ta yi ba a zo ba. Ni kuma na ɗauke shi na kai shi ƙarshen ɗaki, nesa da wurin da ya sha wahala a kai.

Na ɗauki maɓallin ƙararrawar a ƙasa na danna, ta yi ƙara a ɗakina lafiya lau. Maɓallin yana da ɗan tauri. Hannun Baba yana iya damƙa, amma yatsunsa ba sa iya danna abu su kaɗai, ni na sani, ni ke ɓalla masa maɓallin riga kullum. Ranar da muka gwada, yatsana ne a kan nasa.

Cokalin yana nan inda ya faɗi. Na sa shi a ramin na kankara kaɗan, ba wani ƙarfi na sa ba, sai ga haske. Abin da ya rage masa bai kai kaurin farce ba. Na zaga ɗakina na duba, hudar ta fito daidai kan filona, inda dā nake buga masa amsa a falanki.

Injiniya ya zo ɗazu duba Baba. Ya biya ta gidan ya ƙwanƙwasa bangon bulo bayan bulo, ya ce lafiyarsa ƙalau, babu abin da zai faɗi, sai an rushe shi da gangan. Na ce na sani. Na kira birkila na ce ya zo kamar yadda aka yi, amma ƙaramar taga zai buɗe a wurin hudar, ba rushewa ba. Ban san ko mai ɗakin zai dawo ya gan ta ba, wannan ne tsoron da nake kwana da shi nake tashi da shi yanzu.

Na taho masa da cokalin. Tun da aka kawo shi bai kalle ni ba, fuskarsa tana bango. Na sa masa a hannu na rufe yatsunsa a kai. Ya ɗaga ya buga a ƙarfen gadon, ya kasa kunne kamar yadda yake yi wa taya. Na lanƙwasa yatsa na buga masa amsa. Ya sake bugawa, na amsa. Tun hantsi muke haka, ma'aikaciyar jinya ta zo ta yi magana ta gaji ta bar mu. In na ɗan jinkirta, ko don in juya takardar nan, sai idanunsa su firfito, numfashinsa ya hau, ya shiga bugawa da sauri. Har yanzu bai yarda ana jinsa ba.

Yaya, ki ɗaure gwiwar nan ki shigo mota. Ina tsoron in gyangyaɗa ya buga ba kowa. Ki zo ki taya ni amsawa.

Ƙanwarki,
Auta